Mudu da Sikeli: Amsoshin Tambayoyinku Kan Gaskiya da Amana a Kasuwanci

A wannan fitowa mun zaɓi wasiƙu shida daga cikin waɗanda suka iso. Masu amsawa su ne dai waɗanda kuka saba da su, malamin fiƙihun ciniki da mai binciken littattafan kuɗi na kamfanoni. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karanta fannin tafiyar da kasuwanci a jami'a. An koya mana ra'ayoyin su Bentham da Kant da Aristotal kan ɗa'a, amma ban ga abin da za su tsinana wa mai shago a Kantin Kwari ba. Ko dai na cin jarrabawa ne kawai?
*Ɗalibi daga Zariya*

Amsa: Wa alaikumus salam. Ai mai shagon Kwari kullum yana aiki da su, sunayen ne kawai bai sani ba. A ce an sauke masa dilar atamfa, ya gano tana zuba tun wankin farko. Ga wata mata ta zo sayen turmi goma na lefe, ba ta tambayi komai ba. Ya faɗa mata ko ya yi gum?

Jeremy Bentham, Baturen Ingila da ya rasu a 1832, da John Stuart Mill da ya biyo bayansa, za su ce a duba sakamako: a ƙirga duk wanda abin zai shafa, a auna amfani da cutarwa, a bi inda amfani ya rinjaya. Sharaɗinsu mai wuyar cikawa shi ne kowa mutum ɗaya ne a lissafin, mai shago bai fi amaryar da za ta ɗaura zanen nauyi ba.

Immanuel Kant, Bajamushe, a rubutunsa na 1785, bai yarda a fara da sakamako ba. Tambayarsa ita ce, abin nan da kake shirin yi, za ka so ya zama ƙa'idar kowa? In duk 'yan kasuwa suna ɓoye aibu, ba mai ƙara yarda da shirun mai shago, to shirun naka ma ba zai ci ba, domin yaudara ba ta tafiya sai a inda jama'a ke da yarda. Ya kuma hana a mai da mutum tsani kawai, a taka shi a wuce. Shi kuwa Aristotal na Girka, wanda ya rayu fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mai shagon kansa ya dube: me maimaita wannan aiki zai mai da kai? A wurinsa hali da yi ake gina shi, yau turmi goma, gobe dila guda.

Fiƙihu ya daɗe da yanke wannan. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tsibin hatsi a kasuwa, ya ji danshi a ciki, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu.

Abin da ba a cika faɗa a aji ba shi ne wanne za a fara ɗauka. Mu dai shawararmu ga duk mai yanke hukunci a kasuwanci ita ce ya fara da iyaka: akwai ƙarya, algus, cin amana ko haƙƙin wani a ciki? In akwai, magana ta ƙare, ba a shiga lissafi. In babu, sai a auna amfani da cutarwa, a kuma sa waɗanda ba sa wurin cinikin a cikin awon. Dalilin wannan jeri a fili yake. Mai lissafin shi ne mai cin ribar, in aka bar shi ya fara da lissafi an ba kura ajiyar nama. Ko Milton Friedman, masanin tattalin arziki ɗan Amurka, da ake yawan kafa hujja da maganarsa ta 1970 cewa aikin kamfani neman riba ne, ya gindaya sharaɗin a neme ta ba tare da yaudara ko zamba ba. Masu ambaton rabin farko su kan manta da na biyu.

Tambaya: Ina da ƙaramar masana'antar garin kunun yara, na gero da waken suya da gyaɗa. Bayan mun fitar da katan 120, sai mai kula da sito ya nuna mini cewa wasu buhunan gyaɗar da muka yi aiki da ita sun yi fumfuna. Ba wanda ya kawo ƙara. In na janye kayan zan tafka asarar da za ta iya durƙusar da ni, ga ma'aikata 14 da ke ci a ƙarƙashina. Ba su ma suna da haƙƙi a kaina ba?
*Hajiya daga Kaduna*

Amsa: Hajiya, suna da shi, kuma kin kyauta da kika tuna da su. Amma ki lura da yadda lissafin ya zo miki. Ma'aikatan kin san fuskokinsu, asarar kin san adadinta har kwabo, yaran da za su sha kunun kuwa ba ki taɓa ganin ko ɗaya ba. Nan ne awon amfani da cutarwa ya fi zamewa: abin da ke kusa ya yi nauyi, na nesa ya zama kamar babu.

Fumfunar gyaɗa na iya haifar da gubar da ake kira afulatokzin. Ba lallai a gan ta a gari ba, ba lallai a ji ta a baki ba, kuma suya ko dafuwa ba sa kawar da ita duka. Hanta take ci, tana kuma da alaƙa da tsumburewar yara. Saboda a hankali take aiki, rashin ƙara ba shaidar komai ba ne. A 2004 masarar da ta gurɓace da ita ta kashe mutum 125 a Kenya. Ba kowace fumfuna ce ke ɗauke da gubar ba, amma ido ba ya bambancewa, sai ɗakin gwaji.

Masu karantar da ɗa'ar kasuwanci suna da misali biyu daga Amurka da ba sa gajiya da su. A 1973 injiniyoyin kamfanin motoci na Ford suka rubuta wa hukumar kula da lafiyar hanya takarda kan wani gyaran tankin mai da ake son tilasta wa masu ƙera motoci. Suka ce gyaran zai ci dala 11 a kowace mota, jimilla kusan dala miliyan 137, alhali rayuka da raunuka da motocin da za a tsirar ba su wuce dala miliyan 49.5 ba, bisa ƙiyasin dala 200,000 ga kowane rai. Lissafi ya ce kada a gyara. Da takardar ta fito fili a rikicin motar Pinto mai kamawa da wuta, sunan kamfanin ya zube, a 1978 kuma ya janye motoci kusan miliyan ɗaya da rabi don gyara. Kuskuren ba na tarawa da ɗebewa ba ne. An sa wa ran mutum farashi ba da saninsa ba, wanda zai biya kuɗin gyaran kuma shi ya riƙe alƙalami. Na biyu a 1982 ne, lokacin da wani ya zuba guba a ƙwayoyin maganin ciwo na Tylenol mutum bakwai suka mutu a yankin Shikago. Ba laifin kamfanin da ke yin maganin, wato Johnson & Johnson, ba ne, amma ya janye kwalba kusan miliyan 31, ya ɗauki asarar kimanin dala miliyan 100, maganin kuma ya dawo kasuwa da ƙarfinsa.

Ba sai mun je nesa ba ma. Maganin haƙoran yara na My Pikin ya kashe yara aƙalla 84 a Najeriya tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009, saboda wani sinadari mai lalata ƙoda da ya shiga haɗin ta hanyar kayan da aka saya ba tare da tantancewa ba.

Ga abin yi. Yau ɗin nan ki tsayar da sayar da duk abin da aka yi da waccan gyaɗa, ki ware ragowar buhunan ki rubuta musu alama. Ki buɗe littafin aiki ki fitar da lambar rukunin da ranar da aka niƙa shi, domin wataƙila ba duka katan 120 ne abin ya shafa ba. In ba kya buga lambar rukuni a leda, to dole ki janye duka, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna miki amfaninta. Ki kira masu sari ɗaya bayan ɗaya, ki biyo da saƙo a rubuce, ki gaya musu dalili ba tare da kwana-kwana ba, ki ce za ki musanya ko ki mai da kuɗi. Mai sarin da aka ce wa "ku ɗan dakata" kawai zai ci gaba da sayarwa. Ki ɗebi samfuri daga katan daban-daban, sama da tsakiya da ƙasa, domin gubar ba ta bazuwa daidai, sai a kai ɗakin gwajin da aka amince da shi. Ki sanar da ofishin NAFDAC na jiharku da kanki. In gwaji ya nuna guba, kada a karyar da farashi a sayar wa masu kiwo, tana bi ta nonon saniya ta dawo wa mutane.

Haƙƙin ma'aikata kuma a nan ake biyansa: ki zaunar da su ki faɗa musu gaskiya, ki nemi masu ba ki kaya su ɗaga miki ƙafa, ki koma wa wanda ya sayar miki da gyaɗar da maganar aibu in kina da rasit. Nan gaba a fasa kowane buhu a tsince kafin a karɓa, a ɗora su kan katako, nesa da bango.

Tambaya: Ina sayen masara da wake da kaka in ajiye, in fitar idan damina ta faɗi farashi ya tashi. Wasu na ce mini wannan ɓoye abinci ne, haramun ne. Ni kuwa da kuɗina na saya, ban tilasta wa kowa ba.
*Alhaji daga Dawanau, Kano*

Amsa: Alhaji, ajiya daban, ɓoyo daban, kuma wannan na cikin wuraren da duba sakamako ke da cikakken hurumi, domin ita ajiyar a kanta ba ƙarya ba ce, ba zamba ba ce. Da kaka hatsi ya yi yawa, manomi na neman kuɗi, in ba masu saye irinku farashi zai faɗi warwas. Da damina rumbu ya yi ƙasa, abin da kuka ajiye shi ke ciyar da gari. Kai ma ka biya hayar sito da dako da magani, ka ɗauki kasadar ƙwari da faɗuwar farashi. Ribar da ta biyo bayan wannan halal ce. Shawarar da Annabi Yusuf (AS) ya bayar a Masar ma ajiya ce ta shekara bakwai.

Hadisin da ake karanta maka, wanda Muslim ya ruwaito cewa ba mai ɓoye kaya sai mai saɓo, malaman Malikiyya sun rataya shi ga cutarwa. In sayenka da riƙonka ba sa ƙuntata wa kasuwa, babu laifi. In abinci ya yanke, mutane na nema, kai kuma ka kulle sito kana jiran ya ƙara hawa, to ka shiga ciki, hukuma ma na iya tilasta maka fitarwa. Sai ka riƙa yi wa kanka tambaya uku. Sayen da nake yi shi ke ɗaga farashi a wannan kasuwa, ko kuwa ni ɗigo ne a cikinta? Mun haɗa baki da wasu kan kada kowa ya fitar sai rana kaza? Yau akwai masu nema da kuɗinsu su rasa? Haɗa baki shi ne mafi muni, domin ya fita daga batun lissafi ya koma makirci, dokar gasa da kare haƙƙin mai saye ta 2018 ma ta hana shi. Dabarar da ta fi tsare mutunci ita ce tun ranar saye ka yanke ribar da za ta ishe ka bayan ɗawainiya, in farashi ya kai ka fara fitarwa kashi-kashi.

Amma ka ba mu dama mu taɓo abin da ba ka tambaya ba, domin a ganinmu ya fi ɓoyon haɗari: maganin da ake zuba wa wake. Yayyafa masa maganin feshi irin su Sniper algus ne da ke shiga cikin mutane, mai saye kuma ba shi da hanyar ganewa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan irin wannan sinadari a jikinsa, ka ga laifin wasu ya rufe wa kowa kasuwa. Buhun PICS mai ninki uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, yana kashe ƙwari da rashin iska ba tare da magani ba, in dai an matse iskar an ɗaure kowane ninki daban, ba a kuma bar ɓera ya huda shi ba. Masara kuma kada ta shiga buhu sai danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100. In ba na'urar awo, a zuba ta da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba a girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar to ba ta bushe ba.

Tambaya: Ni ne jami'in sayayya a wani kamfani. Wani ɗan kwangila yana ba ni kashi biyar cikin ɗari na duk abin da muka saya a wurinsa. Kayansa na da kyau, farashinsa daidai da na kasuwa, kamfani bai yi asarar ko sisi ba. Ina laifin?
*Malam daga Jos*

Amsa: Malam, wasiƙarka misali ce ta yadda lissafi ke yi wa mai shi daɗin baki. Wanda ya iya cire kashi biyar ya ba ka, ya iya rage wa kamfani kashi biyar ɗin. Ragin na mai kuɗin ne, kai wakili ne. Kuma ranar da kayansa suka zo da matsala, bakinka ya riga ya yi nauyi.

Gwajin Kant a nan gajere ne: za ka iya rubuta wannan kaso a rahoton wata ka miƙa wa shugabanka? In sai a ɓoye yake tafiya, to ya dogara ne da yardar da aka ba ka, yana kuma cin ta. Buhari da Muslim sun kawo labarin wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Manzon Allah (SAW) ya ce don me bai zauna gidan mahaifinsa da mahaifiyarsa ba ya ga ko za a kawo masa kyautar. Ka bar kujerar nan mako ɗaya ka ga ko ɗan kwangilar zai neme ka.

Mafita ita ce ka gaya masa ya mai da kason ragi a rubuce a takardar farashi. Abin da ka riga ka karɓa ka ƙididdige shi ka mayar wa kamfani. Sannan ka nemi a kafa tsarin da zai kare ka daga kanka: takardar farashi daga wuri uku kan duk sayayyar da ta wuce wani adadi, mai yin oda daban, mai karɓar kaya daban, mai biya daban, da littafin da ake rubuta duk kyautar da ta shigo, ko da kalanda ce ko ragon Sallah.

Tambaya: Dillalin motoci ne ni. Mai mota ya ce kada in faɗi cewa an taɓa sauke injin. In mai saye bai tambaya ba, dole ne in faɗa?
*Daga Sakkwato*

Amsa: Dole ne. Duk aibun da zai rage kuɗin kaya ko ya sa mai saye ya fasa, bayyana shi wajibi ne ko ba a tambaya ba, mai saye kuma yana da damar mayarwa in ya gano daga baya. Amanar mai mota a kanka ita ce ka nema masa farashi mai kyau, ka kuma rufe masa sirrin ƙarshen abin da zai sallama. Ba ta kai ga ka taya shi algus ba. Ka ce masa za ka faɗa, in ya ƙi ka bar masa motarsa da la'adarsa.

Tambaya: Ina da yaran shago uku. Ba na biyansu albashi, ina ci da su, ina yi musu ɗinkin Sallah, da niyyar in sallami kowa da jari idan lokaci ya yi. Haka aka yi mini. Ɗana da ya yi boko ya ce zalunci ne.
*Alhaji daga kasuwar Singa, Kano*

Amsa: Alhaji, tsarin da ya raine ka ya fitar da attajirai da yawa a Kano, ba za mu kira shi zalunci kai tsaye ba. Yaro na samun abin da albashi ba ya saye: sanin kaya, sanin mutane, da sunan ubangida da zai karɓi bashi da shi gobe. Dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta kai naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, don haka ta fuskarta ba ka karya komai ba.

Inda ɗanka ya yi gaskiya shi ne kalmar nan "idan lokaci ya yi". Wa ke yanke lokacin? Kai kaɗai. Nawa ne jarin? Kai kaɗai ka sani. Fiƙihu ba ya son ijarar (wato ɗaukar mutum aiki) da ba a san ladanta ko wa'adinta ba, domin nan rigima ke tsira, kuma abin da Kant ke nufi da mai da mutum tsani shi ne a ci moriyar shekarunsa a kan sharaɗin da bai sani ba balle ya yarda. Niyyarka mai kyau ce, amma niyya ba ta shiga rabon gado. In ta Allah ta kasance kafin sallama, yaron da ya yi shekara takwas ba shi da abin nuna wa magada.

Ka kira kowane yaro da waliyyinsa, da shaidu biyu daga cikin dattawan layinku. A rubuta shekarun da zai yi da ranar da aka fara ƙirgawa, har da waɗanda ya riga ya yi. A rubuta abin sallama, kuma ya fi kyau a ƙayyade shi da kaya, misali katan kaza na kaya kaza, domin kuɗin da aka ambata yau ba zai sayi abin da yake saye ba nan da shekara biyar. A faɗi abin da zai samu in ya tafi a rabin wa'adi, da yadda za a yi in kaya sun ɓata a hannunsa, don kada a wayi gari ana dab da sallama a ce an cire komai a bakin asara. A ware masa ɗan abin kashewa na mako, ko yaya yake, domin yaron da ba shi da ko kuɗin sabulu aljihun shago zai duba. Takardar a yi ta kwafi uku: ɗaya gare ka, ɗaya ga waliyyi, ɗaya a ofishin ƙungiyar 'yan kasuwar layin.